Masu Ƙera 'Yan Tsanar Fada a Garin Iwatsuki

Da zarar watan Fabrairu ya kama a ƙasar Japan, gidan da Allah ya ba 'ya mace yakan shiga wata hidima da ba a yin ta sai sau ɗaya a shekara. A sauko da akwatuna daga ma'ajiya, a kafa wani katako mai hawa-hawa a ɗakin baƙi, a shimfiɗa masa jan mulufi, sannan a shiga kwance 'yan tsana ɗaya bayan ɗaya daga takardar da aka naɗe su da ita bara. Sunansu hina. Suna nan zaune har ranar 3 ga Maris, ranar bikin 'yan mata da ake kira Hina Matsuri, bayan nan a mayar da su akwati sai kuma baɗi. Ba a goya su, ba a yi musu wanka, ba a jan su a ƙasa. Fada ce guda aka ƙanƙantar da ita: sarki da matarsa a sama, mata masu hidima, makaɗa, dogarai da barori a ƙasa, kowa da shigar da aka san mai matsayinsa da ita. Asalin shigar manyan cikinsu yana komawa ga zamanin Heian, daga 794 zuwa 1185, lokacin da birnin Kiyoto ke riƙe da sarauta da ado da waƙa.

Akwai mutanen da wannan ƙaramar fada ita ce abincinsu. Garinsu da ya fi suna shi ne Iwatsuki, kimanin kilomita 30 arewa da Tokiyo, wanda tun 2005 aka haɗe shi cikin birnin Saitama. A da zango ne a kan hanyar da shugabannin mulkin soja na gidan Tokugawa ke bi in za su ziyarci hubbaren kakansu a Nikko. Mutanen garin suna ba da labari cewa daga cikin masassaƙa da masu fenti da suka yi aikin sake gina wannan hubbare tsakanin 1634 da 1636, wasu sun yada zango a Iwatsuki ba su ƙara gaba ba. Abin da ya riƙe su itace ne. Yankin yana da bishiyar kiri, marar nauyi, wadda kafintoci ke yin adakar tufafi da ita, garin katakonta kuwa sai ya taru tuli a ƙarƙashin zarto. In aka kwaɓa wannan gari da kunun sitacin alkama sai ya zama wani kwaɓi da ake kira toso. Yana ɗanye yana karɓar duk siffar da aka ba shi, in ya bushe ya yi ƙarfi ba tare da nauyi ba, wuƙa kuma tana cin sa. Sharar kafinta ita ta zama jarin mai 'yar tsana. Daga baya girgizar ƙasar 1923 da ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka kori gwanaye da yawa daga Tokiyo, wasunsu suka tare a Iwatsuki, garin ya ƙara cika da masu hannu.

Ba mutum ɗaya ke yin hina daga kai har ƙafa ba. Akwai mai kai, akwai mai gashi, akwai mai hannuwa da ƙafafu, akwai mai ƙananan kaya irin su takobi da mafici da ganga, sannan akwai mai sa tufafi, wanda a hannunsa komai ke haɗuwa. Mutum na iya tsufa a sana'ar bai taɓa yin komai ba sai kawuna. Dokar ƙasar ta 1974 ta tanadi kariya ga sana'o'in gargajiya, a 2007 aka shigar da 'yan tsanar Iwatsuki cikinsu, kuma ba a ba mutum lambar gwanin sana'ar gargajiya sai ya shekara aƙalla 12 yana aikin, ya kuma ci jarrabawa.

A wurin mai kai ya kamata a daɗe, domin masu sana'ar kansu suna cewa ran 'yar tsana a fuskarta yake. Yakan fara da cusa toso cikin mazubi mai ɓari biyu, ɗaya na fuska ɗaya na ƙeya, ya haɗe su, ya ajiye kan ya bushe sarai. Abin da ke fitowa ɗan dunƙule ne mai kaushi, launin ƙasa, ba kyan gani. Ya kankare shi, ya dasa masa idanu na gilashi. Sai ya ɗauko gofun, farin gari mai laushi da ake samu daga ɓawon kawar teku da aka bari shekaru a rana da ruwa kafin a niƙa. Ya dama shi da danƙon da ake dafawa daga fatar dabba, ya shafe kan gaba ɗaya, har idanun su ɓace a ƙarƙashin fari. Ya bari ya bushe, ya sake shafawa. Hanci da leɓe da kumburin fatar ido ba mazubi ke gama su ba: da bakin burushi yake ɗora gofun mai kauri kaɗan-kaɗan har su taso, sannan ya gyara da wuƙa. Damun kansa ilimi ne. In danƙo ya yi yawa fuska ta tsage, in ya yi kaɗan fari ya zube, kuma gwargwadon da ya yi daidai a ranar sanyi ba shi zai yi daidai a ranar danshi ba. Ba a rubuce yake ba, a yatsa yake.

Daga nan sai aikin da ke sa almajirin sana'a riƙe numfashi. Maigida ya ɗauki wata 'yar siririyar wuƙa ya yanka farin da ya rufe ido, gilashin ya leƙo. Faɗin wannan yanka bai wuce na ƙwayar shinkafa ba, amma shi ke sa fuska ta zama mai kunya ko mai izza, mai barci ko mai tunani. In hannu ya goce, aikin makonni ya tashi a banza. Bayan shafe na ƙarshe, wanda ake maimaitawa sau da dama ana gogewa da ƙyalle har fuskar ta ɗauki wani sheƙi mai sanyi, sai zanen gira da gashin goshi. Ba layi ɗaya ake ja ba. Da burushi mai 'yan silin gashi ake jera ɗaruruwan layuka, a fara da tawada mai ruwa-ruwa a bi da mai duhu, har mai kallo ya rantse gashi ne ya tsiro. A sa jan baki, wani lokaci har da haƙora da harshe a cikin bakin da bai kai rabin farce ba. Gaskiyar magana, yawancin kawunan da ke kasuwa a yau da farar ƙasar zubi ake yin su, domin ta fi sauri da araha, masu yin na toso kuwa sun ragu ƙwarai. Amma zanen fuska har yanzu hannu ne.

Mai gashi ya karɓa, ya dasa zaren siliki da aka rina baƙi cikin wata 'yar kwarmi da aka yanka a gefen goshi, ya taje, ya ɗaure shi irin ɗaurin matan fada. Gangar jiki kuwa ɗaurin busasshen karan shinkafa ne da aka naɗe da takarda, hannuwa na waya. Mai sa tufafi yana yanka yadin siliki mai zanen saƙa, mafi daraja daga unguwar masaƙa ta Nishijin a Kiyoto, ya liƙa masa takardar gargajiya ta baya don ya tsaya, ya ɗinka riga bisa riga. Ƙarshen aikinsa shi ne lanƙwasa hannuwan. Sau ɗaya ake yi. In aka lanƙwasa aka miƙe aka sake, yadi ya yamutse, kafaɗa ta karkace, kuma duk wanda ya san sana'ar zai gane daga nesa.

Mai karatu zai iya tambaya: duk wannan wahala don abin da za a ajiye wa yarinya 'yar shekara biyar? Amsar tana cikin tarihin sana'ar. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, bikin ya fita daga fada ya shiga gidajen attajirai, har kasuwar 'yan tsana take ci kowace shekara a Jikkendana, tsakiyar birnin da ya zama Tokiyo. Gasa ta yi gasa, 'yan tsana suka riƙa girma suna shan zinariya, har a 1721 hukuma ta hana yin wadda ta wuce kimanin santimita 24. Da aka tare su ta wajen girma, gwanaye suka zuba basirarsu a ƙananan abubuwa. A Kiyoto kuma manyan fada suka sa a yi musu wani nau'i da ake kira yusoku, wanda ba a yarda a yi kuskure a shigarsa ba. Gidaje biyu da ke kula da tufafin fada tun kaka da kakanni, Yamashina da Takakura, su ake bi wajen launi da zane da yawan riguna, gwargwadon muƙami da shekaru da yanayin shekara. Tun daga nan gwanin kirki ya ɗauki kansa a matsayin mai riƙon amana. A ganina wannan ne ya raba hina da sauran kayan ado: duk abin da yarinya ta nuna da yatsa ta tambaya, akwai amsa ta gaskiya a bayansa.

Ga yadda abin ke gudana. Cikakken tsari hawa bakwai ne, 'yan tsana 15. Wanda ya taɓa ganin mata na yi wa amarya jere zai gane yanayin ranar: kowane abu da gurbinsa, tsofaffi na ba da umarni, yara na miƙo kaya. Bisa al'ada iyayen uwa ne ke sayen hina in an haifi mace, don haka sau da yawa kaka na wurin. Ba a taɓa fuska da hannu, domin maiƙon yatsa na ɓata gofun, saboda haka tun a nan yarinya ta fara koyon riƙe abu mai daraja. A hawan farko a zaunar da sarki da matarsa a gaban shamaki mai ruwan zinariya, da fitilun takarda a gefe. Yarinya ta ga wuyan rigar matar sarki launi bisa launi, ta tambaya. A gaya mata cewa matan fada na sa riguna da yawa a jere, nauyinsu kan kai kilo 15 ko fiye, kuma yadda aka jera launukan yana da suna da lokaci: wannan na furen bazara ne, wancan na ganyen kaka, macen da ta sa na wani lokaci a wani lokaci ta ji kunya a fada. Ranar 22 ga Oktoba 2019, da aka yi bikin naɗin Sarki Naruhito, yaran Japan sun ga Sarauniya Masako a talabijin cikin irin wannan shiga, shi kuma cikin riga mai launin ƙasa-ƙasa da rawaya wadda sarki kaɗai ke sa ta. Yarinyar da ta saba jera hina ba baƙon abu ta gani ba.

A hawa na biyu mata uku ne masu hidima. Ta tsakiya ba ta da gira, haƙoranta kuma baƙaƙe. Babu yaron da zai ga wannan ya yi shiru. Amsar ita ce a Japan ta da, matar aure takan aske gira ta rina haƙora, don haka mai kai ya yi ta haka da gangan, don a san ita ce babba a cikinsu. Hawa na uku samari biyar ne makaɗa, masu ganga uku, mai sarewa ɗaya, da mawaƙi riƙe da mafici, irin ƙungiyar da ke raka wasan kwaikwayon gargajiya na Noh. Hawa na huɗu dogarai biyu masu kwari da baka, tsoho mai farin gemu da saurayi. A na biyar akwai bishiyoyi biyu, sakura da lemon tacibana, kwatankwacin waɗanda ke tsaye har yau a gaban babban zauren tsohuwar fadar Kiyoto. Tsakaninsu barori uku ne zaune, ɗaya na dariya, ɗaya na kuka, ɗaya ya fusata. A tsarin Kiyoto tsintsiya da manjagara da abin kwasar shara ke hannunsu, a na Tokiyo kuwa laima da hula da takalman ubangidansu. Hawa biyu na ƙasa kayan amarya ne na gidan manya: adaka, madubi, akwatin ɗinki, kaskon garwashi, kayan shayi, amalanken shanu.

Waɗannan barori uku su na fi so a duk fadar. Su kaɗai ne talakawa, mutanen da ake ɗebowa daga ƙauyuka su yi wa fada aikin dole, kuma su kaɗai mai kai ya yarda fuskarsu ta nuna abin da ke ransu. Manya duk fuska ɗaya gare su, a natse, ba a karanta komai. Uwar da ta san abin da take yi za ta iya buɗe wa 'yarta babi guda na tarihi daga tambayar me ya sa wannan yake kuka.

Ko wurin zaman sarki darasi ne. A Kiyoto yana zama a hagun matarsa, wato dama ga mai kallo, domin a tsohuwar al'ada hagu ya fi daraja. A Tokiyo da yawancin ƙasar an juya, ana kuma danganta hakan da yadda sarakunan ƙarni na 20 suka ɗauki tsayuwar Turawa, musamman bayan naɗin Sarki Hirohito a 1928. Yarinyar da ta je gidan ƙawarta ta ga an sa sarki a ɗaya gefen, ta dawo gida da tambayar da amsarta ita ce labarin shigowar al'adun Yamma ƙasarta. Littafin makaranta zai kawo wannan a aji na gaba, amma zai tarar da wurin zama a kanta.

Maza ma ba a bar su ba. Ranar 5 ga Mayu, wadda ta zama Ranar Yara tun 1948, ana kafa musu ƙananan sulke da kwalkwali da jarumai. Akwai masu sana'ar da aikinsu kawai kwaikwayon kwalkwalin mayaƙan tarihi, kamar na Date Masamune mai jinjirin wata a goshi, kuma yaro kan san sunan mai kwalkwalin kafin ya iya karatu.

Ba na son in nuna abin kamar ba shi da aibi. Tarihin da hina ke koyarwa na masu mulki ne, manomi da masunci da maƙeri ba su da hawa a ciki. Ana kuma gaya wa yara cewa in aka yi jinkirin kwashe 'yan tsana bayan biki, yarinya za ta yi jinkirin aure. Dalilin kwashewa da wuri a fili yake, danshi da ƙura na lalata siliki da gofun, kuma ana so yarinya ta saba da kintsa kaya, amma tsoratarwa da camfi ba hanyar koyarwa ba ce, iyaye da yawa a can ma sun daina faɗin haka. Sannan tushen bikin yana cikin wani tsohon imani, cewa mutum na shafa 'yar tsanar takarda a jikinsa ta kwashe masa sharri a sake ta a kogi. Littafin Genji, wanda Murasaki Shikibu ta rubuta a farkon ƙarni na 11, ya ambaci wannan, ya kuma ambaci 'yan matan fada na wasan 'yar tsana. Har yau ana sakin su a ruwa a wurare irin su Mochigase a lardin Tottori. Wannan aƙidarsu ce, Musulmi ba ya ɗaukar ta. Abin da ya ja hankalina shi ne sana'ar da hanyar koyarwar. Shi kuwa wasan yara da 'yar tsana, ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi shi da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma malamai da dama sun kafa hujja da hakan wajen sassauta wa yara mata, duk da akwai saɓani a kan mai cikakkiyar sura.

Akwai lokacin da wannan sana'a ta shiga tarihin duniya da kanta. A 1924 Amurka ta yi dokar da ta rufe wa Japanawa ƙofar shiga ƙasarta, zukata suka ɓaci. Wani malamin mishan Ba'amurke, Sidney Gulick, wanda ya yi shekaru fiye da 20 a Japan, ya ga manya sun gagara, ya juya ga yara. Ya san darajar bikin 3 ga Maris, don haka ya nemi yaran Amurka su aika wa takwarorinsu 'yan tsana. A 1927 guda 12,739 suka isa Japan, kowace da ɗan fasfonta da sunanta da wasiƙa, aka raba su makarantu. Dattijon attajiri Shibusawa Eiichi, ɗan lardin Saitama, wanda hotonsa ke kan takardar yen 10,000 tun 2024, shi ya jagoranci ramuwa. Yaran Japan miliyoyi suka yi karo-karo da 'yan sulallansu, gwanayen Tokiyo da Kiyoto suka ƙera manyan 'yan tsana 58, kowace tsayinta ya kai kimanin santimita 80, fuska ta gofun, tufafi na siliki, kowace da kayan ɗakinta, yawancinsu da sunan wani lardi ko birni. Suka isa Amurka a ƙarshen shekarar, aka zaga da su garuruwa, aka raba su gidajen tarihi. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai wani saurayi, Hirata Goyo, wanda a 1955 ƙasarsa ta ba shi matsayi mafi girma da take ba mai sana'ar hannu.

Kyautar ba ta hana yaƙi ba. Da ƙasashen biyu suka gwabza, aka ce 'yan tsanar Amurka na abokan gaba ne, a makarantu da yawa aka ƙone su ko aka sa yara suka soke su da tsinin gora. Amma wasu malamai sun yi kasada sun ɓoye nasu a rufin aji da bayan kabad. Kimanin 300 ne suka tsira. Makarantun da ke da su suna fito da su, ana zaunar da yara a gabansu a ba su labarin 1927 da na shekarun yaƙi, labarin waɗanda suka aiko, da waɗanda suka ƙona, da wanda ya ɓoye. Ban san wata hanya da ta fi wannan sa ɗan shekara tara ya fahimci yadda ƙiyayya ke shiga aji ba, ga abin a gabansa, da tsohuwar rigarsa da fasfonsa.

Yau sana'ar na cikin matsi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 1973 an haifi yara fiye da miliyan 2 a Japan, a 2023 kuwa kimanin 727,000. Kasuwar hina haihuwar 'ya mace ce, in haihuwa ta ragu ciniki ya ragu. Gidajen birni kuma ƙanana ne, ba inda za a kafa hawa bakwai, ba inda za a ajiye akwatunansa wata 11. Yawancin iyaye yanzu sarki da matarsa kawai suke saye, sau da yawa na nau'in kimekomi, wanda ake yanka kwarmi a jikin toso a cusa bakin yadi ciki maimakon a ɗinka riga, dabarar da ake cewa ta faro a wurin bautar Kamigamo na Kiyoto wajen 1740. Suna da kyau, ba su cin wuri. Sai dai in 13 sun fita daga 15, mai ƙera 'yar ganga da 'yar manjagara ya rasa aiki, kuma in ya rufe shago babu mai maye gurbinsa, gwanin tufafi ba zai iya aikinsa ba. Yarinya ma ta yi asara: babu mai baƙin haƙori, babu bara mai kuka, tambayoyinta sun ragu.

Garuruwa na ƙoƙarin tare ɓarakar. Tsofaffin hina da gidaje suka gaji da ajiyewa ana tattara su a baje wa jama'a. A Katsuura ta lardin Chiba ana jera kimanin 1,800 a kan matakala 60 na dutse, a kwashe da yamma a sake jerawa da safe. A Iwatsuki an buɗe gidan tarihin 'yan tsana a Fabrairun 2020, masu shaguna kuma na karɓar 'yan makaranta su zauna su cusa yadi a kwarmi da hannunsu. Wannan na taimakawa, amma kallo a gidan tarihi bai kai kwance takarda a gaban kaka ba.

Mu ma muna da 'yar tsana, ta kara da ta tsumma da ta ƙashi, 'yan matanmu sun yi mata kitso da suna da biki, sun koyi reno da hidimar gida a kanta, kafin ta roba ta cika kasuwa. Abin da ba mu yi ba shi ne ɗora mata tarihinmu. Ga shi kuwa kayan aikin na nan: marina na Ƙofar Mata, dukawa da masu ɗinkin hannu na kasuwar Kurmi, maƙeran farfaru, masaƙan da suka rage. Hawan salla kaɗai ya isa cika hawa bakwai, daga ɗan lifida da ɗan sulke zuwa dogari da mai algaita da mai kakaki, a ƙara da manomi da fatake da malamin allo da mai tallan nono, waɗanda hina ta manta da irinsu. Wanda ke da shakka a kan sura sai a yi masa marar fuska, domin yawancin tarihin a tufafi da kayan hannu yake. Sharaɗin dai shi ne wanda gwanayen Kiyoto suka riƙe, kada a yi kame-kame. Masu sana'a da malaman firamare da masu kula da gidajen tarihi irin Gidan Makama, ku je wurin dattawan fada da tsofaffin mata da suka san sunan kowace riga da kowane naɗi da wanda ya cancanci sa shi, ku rubuta daga bakinsu tun suna raye, sannan a ɗauki allura.